Minti Uku a Yamai

Abin da ya fara ɗaukar idona ranar da za mu tashi wata jar kular abinci ce, irin wadda ake kai wa mai jego tuwo a ciki. Tana kan cinyar wata mata mai farin gilashi a kujerar tsakiya ta bas ɗin jami'armu, ta rungume ta da hannu biyu. Na ce a raina, alhamdu lillahi, tafiyar nan ba za a sha yunwa ba, sai na je na zauna kusa da ita. Ƙawayena na unguwarmu Badarawa a Kaduna, ku da ba ku gajiya da tambayata "Bilki, wai ya Nijar ɗin nan take?" duk inda aka haɗu, a biki ko a suna, yau ga labarin gaba ɗaya. Kowa ta karanta, ta bar ni in huta.

Gasa ce ta kai mu Yamai, ta ɗaliban da ke bincike a jami'o'in Afirka ta Yamma. Ƙa'idarta ɗaya ce: a ba ka minti uku ka bayyana wa mutanen da ba fanninka suka karanta ba abin da ka yi shekaru kana yi. Mu huɗu aka tura. Akwai Malam Nasiru na Kinkinau, Bakano ne, yana bincike a kan yadda matan kasuwa suka mayar da adashi cikin waya. Akwai Injiniya Bashir, Bazazzage, shi damuwarsa ita ce ɗalibin injiniyanci ya fara taɓa inji da hannunsa tun shekarar farko, ba sai ya gama haddar allo ba. Sai ni, da nake nazarin wasiƙun soyayya na cikin littattafan nan da na fara karantawa a ɓoye a tsakiyar littafin lissafi tun ina aji biyu. Ta huɗun ita ce mai jar kular nan, Anti Hadiza, likita daga Unguwar Dosa, wadda ke aiki a kan ciwon mantuwa na tsofaffi.

Jagoranmu malaminta ne, wani dattijon likitan ƙwaƙwalwa da kowa ke kira Baba Farfesa. Tun kafin in san shi na ji labarinsa: wai ya taɓa mayar da ɗalibi waje sau uku don ya shigo ofis da sallamar da ba ta gamshe shi ba. Shi ya zauna gaba kusa da direba. Duk inda muka tsaya, ko man fetur za a sha, sai Anti Hadiza ta zagaya ta tagarsa ta rusuna: "Baba, ya hanya? Ya ƙafar?"

Mun bar Kaduna ta Kawo da sanyin safiya. Ni dai na ɗauko leshi uku da turare, domin a littattafan da na tashi da su ba a taɓa yin doguwar tafiya ba tare da an haɗu da wani dogon saurayi mai sanyin murya ba. Tsakanin Zariya da Funtuwa na kasa haƙuri, na ce, "Anti, me aka dafo mana ne?"

Ta yi murmushi ta ce, "Wannan ba ta cin mutane ba ce, ƙanwata."

Daga nan hira ta ɓalle. Ta gaya min hutun karatun da asibitinsu ya ba ta zai ƙare wata mai zuwa, ga aikinta ya tsaya, don abin da ya rage sai da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ita kuwa ba ta da hanyar samunta. Wanda ya zo na ɗaya a gasar nan za a ba shi shekara guda a wata cibiyar bincike da ke da na'urar. Ta ce, "In na samu, na ci gaba. In ban samu ba, in ɗaure takardun da igiya in tura ƙarƙashin gado, in koma duba marasa lafiya. Shekara shida ke nan, Bilki, maigidana ma ya yi ƙoƙari." Ta faɗa ne a hankali tana kallon taga. Ni kuwa tuni idona ya kawo ruwa.

Muka ci shinkafa da wake a Katsina, muka nufi Jibiya. A ɓangarenmu ba a daɗe ba. Da muka tsallaka, sai ga wani jandarma, jami'in tsaron Nijar, dogo, baƙi, mai saje. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, babi na farko ya zo. Na gyara mayafi. Ya karɓi fasfona da katin allura, ya dube ni, ya dubi hoton, ya ce, "Madam, a hoto kin fi ƙiba." Ya miƙo min ya wuce.

Ya isa kan Anti Hadiza. "Mi ke cikin kular nan?"

"Ƙwaƙwalwa ce."

Ya ɗaga murfin, ya ja da baya har ya taka ƙafar Injiniya. "La ilaha illallahu! Ta wa?"

"Ta roba ce, ɗan'uwa, ta koyarwa. Tsoro nake kada ta fashe a hanya."

Ta ciro ta, ta raba ta gida biyu, ta nuna masa inda tunawa ke zama. Sai mutumin ya sassauta murya ya ce tsohuwarsa tana sa gishiri sau biyu a miya, kuma ta koma kiransa da sunan mahaifinsa da ya rasu, har maƙwabta sun fara cewa jifa aka yi mata. Anti Hadiza ta zauna a kan benci ta yi masa bayani da Hausa tsantsa, abin da za su yi da abin da za su daina, ban da yi mata tsawa. Da za mu tafi ya kawo mana dabino cikin leda, yana ta "Allah shi kai ku lahiya."

A Maraɗi muka kwana, a wani masauki mai tsabta da fankarsa ke kuka kamar injin markaɗe. Da safe aka kawo burodi dogo kamar sanda, mai tauri. Malam Nasiru ya gatsa, ya riƙe haƙori ya ce a mayar, na shekaranjiya ne. Mai shayin ya ji haushi ya ce yanzu aka fito da shi daga wuta. Abin da ya fi ba ni mamaki, mutum zai saƙalo burodin nan tsirara a hammata ko a bayan babur, ba leda ba takarda. A Badarawa ka yi haka, kafin ka isa gida an kai wa matarka labari.

Hanyar Yamai doguwa ce, wuni guda cur. Mun wuce Ƙonni, mun wuce Dogon Dutsi, Hausar tana ta sauyawa har ta fara ƙarewa, muka shiga ƙasar Zabarmawa. Bayan Doso direba ya taka birki, ya nuna mana raƙuman dawa guda uku suna cin ganye a gefen titi, ba mai tsaronsu. Baba Farfesa da kansa ya sauko ya tsaya yana kallo, hannu a baya.

A Yamai, wadda aka ba aikin kula da mu wata malamar jami'a ce, Madam Ramatu. A kan babur ta zo tarbarmu, ita ke tuƙawa, da atamfarta da jakarta. Na ce mata a unguwarmu da yara sun bi ta da ihu. Ta ce, "To ku da ƙafa kuke zuwa aiki?" Ta sauke mu a ɗakunan baƙi na ɗalibai, ni da Anti ɗaki ɗaya, tagarmu tana kallon kogi. Ta ciyar da mu dambu da kwaɗon zogale wanda ban taɓa cin irinsa ba, ta kuma koya mana cewa in aka ce "fofo" gaisuwa ce. Da azahar gari yakan mutu, ofisoshi a rufe, sai rana ta yi sanyi a dawo. Shayi kuwa sau uku ake zubawa, in ka tashi a na farko ka yi rashin kunya.

Ranar farko ta gasa muka shiga babban ɗakin taro. Ga alƙalai biyar a gaba, ga wani ƙaton agogo mai jan rubutu a bango. Da ka buɗe baki zai fara tafiya. In ya cika, a kaɗa ƙararrawa, a kashe abin magana. An rubuto mana wannan tun muna gida, mun kuma yi gwaji. Sai dai duk gwajin da muka yi, bayanin kawai muka auna. Ba wanda ya lissafa gaisuwa a cikin magana, don a wurinmu gaisuwa ba ta cikin lissafi.

Wani ɗan Senegal ya fara. Ko sannu bai ce ba, ya shiga bayani. Malam Nasiru ya raɗa min, "Ji mara tarbiyya."

Aka kira shi. Ya hau da babbar riga, ya gyara hula. Ya yi sallama, ya gai da shugaban taro, ya gai da alƙalai ɗaya bayan ɗaya, ya gai da shugabannin jami'o'i na nan da waɗanda ba su samu zuwa ba. Ya juyo kan Baba Farfesa ya jero masa kirarin ilimi. Ya gode wa gwamnati da jama'ar Nijar bisa karamci. Ina kallon jan rubutun nan yana gudu, ina murza zobena. Ya ce, "Bincikena ya shafi matan kasuwa waɗanda..." Ƙararrawa. Bakinsa yana motsi, ba a jin komai.

Da ya dawo, Injiniya ya ce, "Kai da ka karanta tattali, ka kasa tattalin minti uku? Kanawa ke nan."

"Bari dai mu ga naka, Bazazzage."

Injiniya ya yi dabara irin tasu, ya ƙara wa gaisuwar gudu kamar mai karanta sanarwar rediyo. Duk da haka rabin lokacinsa ya tafi, aka yanke shi yana tsakiyar labarin ɗalibin da ya gama digiri bai taɓa kwance janareta ba. Ni na ce zan gai da Baba kawai. Amma da na gaishe shi sai na ga alƙalai suna kallona, kunya ta kama ni, na haɗa da su. An yanke ni ina karanta wata wasiƙa, daidai inda saurayin zai faɗi abin da ke ransa. Wata mata daga Togo ta biyo ni har waje tana tambayar ko yarinyar ta amince.

Saura Anti Hadiza, ita sai washegari. Da la'asar muka taru a ƙarƙashin wata bishiya, Madam Ramatu tana dafa shayi. Injiniya ya auna da waya: bayanin Anti minti biyu da daƙiƙa hamsin ne, ba gaisuwa.

"Sai dai ki hau kawai ki fara," in ji Madam Ramatu. "Nan ba wanda zai ga laifinki."

Anti Hadiza ta girgiza kai. "Alƙalai zan iya. Baba fa? Yana zaune a layin gaba. Mutumin da ya karɓe ni lokacin da kowa ya ce aikin nan shirme ne, shi ya tsaya a kan gawar mahaifina. In tsaya a gabansa, a ƙasar mutane, in buɗe baki kamar ban gan shi ba? Wallahi gara in rasa."

"To ki rage bayanin," in ji Malam Nasiru.

"Na rage har ya koma ƙashi. In na ƙara cirewa ba wanda zai gane."

Madam Ramatu ta zuba mana shayi. Ni kuwa hankalina ya tafi inda ya saba tafiya. Na ce, "Anti, kin taɓa karanta littattafanmu na soyayya?"

"Bilki, don Allah ba yanzu ba."

"Tsaya ki ji. Babu masu gaisuwa kamar marubutan nan. Sai marubuciya ta cika shafi uku tana gai da iyayenta, da malaman Islamiyyarta, da ƙawayenta, har da mai buga mata rubutu. Amma duk wannan a shafin godiya yake, shi kaɗai, kafin labari. In kika buɗe babi na ɗaya, da mari ake farawa ko da kuka. Ba wanda ya taɓa cewa ba su da ladabi. Ke ma ki yi shafin godiyarki daban. Gobe da safe mu je ɗakin Baba."

Injiniya ya ajiye kofi ya ce, "Ashe littattafan nan suna da amfani."

Anti ta daɗe tana juya gilashinta a hannu. Ta ce, "In ya ɓata rai fa?"

"In ya ɓata rai, kin ga sai ki gaishe shi a can, mu koma gida gaba ɗaya da gaisuwarmu."

Bayan karin kumallo muka tafi mu huɗu. Yana zaune a kan darduma a barandar ɗakinsa, da carbi. Muka zube. Anti Hadiza ta gaishe shi, sannan ta fara kame-kame, har dai ta fito da maganar: tana neman izini ta hau ta fara bayani ba tare da ta ambace shi ba.

 Ya ja carbi ya kai goma. 

Sannan ya ce, "Nasiru."

"Na'am, ranka ya daɗe."

"Jiya da kake jero min kirarin nan, ji na yi kamar in cire takalmi in jefe ka."

Dariya ta kuɓuce wa Injiniya, ya toshe baki da hula.

Baba ya ce, "Tun a Kaduna na ga ramin nan. Amma ku gaya min, da wane baki malami zai ce wa ɗalibansa ku daina gaishe ni? Na yi ta jira wani cikinku ya yi hankali." Ya dubi Anti. "To bismilla, Hadiza. Yi min ita duka a nan. Har ta shugaban taro da ta alƙalai, ni zan karɓar musu."

Ta kuwa yi. Ta gai da shugaban taro, Baba ya amsa da muryar manya. Ta gai da alƙalai biyar, ya amsa sau biyar, har da "fofo". Da ta zo kansa muryarta ta karye, ta faɗi abubuwan da ba a faɗa a ɗakin taro. Ya bar ta ta gama, ya ce, "Na karɓa. In kika kalle ni a can, ban yafe ba. Tashi ki je."

Da aka kira ta, ta hau da ƙwaƙwalwar robar a hannu. Da Turanci ta yi, amma ga abin da ta ce:

"An ba kakata biro da takarda, an ce ta zana agogo. Ba ta taɓa riƙe biro ba. Da inuwar katanga take gane la'asar. Ta kasa, sai aka rubuta cewa ƙwaƙwalwarta ta taɓu. A ranar, muna komawa gida, ta jero min ranakun kasuwannin ƙauyukan da ke kewaye da mu, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba."

 Ta ce gwajin da aka kawo daga waje yana kayar da tsoho mai lafiya don kawai bai yi boko ba, mai ciwon gaske kuma yana gida ana cewa jifa ne. Ta ce tana haɗa tambayoyi daga rayuwar tsofaffinmu: kasuwanni, jikoki a jeren haihuwa, yadda ake haɗa daddawa daga farko zuwa ƙarshe. Ta ɗaga robar ta nuna wurin da take so na'ura ta duba mata, a ga ko amsoshin sun dace da abin da ke ciki. Ta rufe baki saura daƙiƙa shida. Ba ta kalli Baba ba ko sau ɗaya. Ni na kalle shi. Leɓensa yana motsi tare da nata, ashe ya haddace.

Da yamma aka sanar da wanda ya zo na ɗaya. Mai sanarwar ta kira sunan da harshen Faransanci, Anti tana zaune tana tafa wa wata, sai da Madam Ramatu ta daka mata duka a baya: "Ke ce, tashi!" Malam Nasiru ya manta da babbar riga ya yi tsalle. Ni na yi guɗa, guɗa sosai irin ta kai amarya, a gaban farfesoshin ƙasashe, ban kuma ji kunya ba. Baba ya miƙe tsaye, shi da ba ya miƙe wa kowa, har hularsa ta faɗi.

A dawowa ba abin da ya faru sai taya da ta fashe kusa da Malumfashi. Leshina ukun nan ko ɗaura su ban yi ba. Dogon saurayi kuwa har yau bai iso ba.

Anti Hadiza ta yi shekararta a waje ta dawo, ba ta zauna can ba ko da yake an roƙe ta. Yanzu duk Alhamis tana da ɗaki a wani asibiti a nan arewacin gari, inda ake kawo mata tsofaffi, ga ɗalibanta suna zaune suna rubutu. Kwanakin baya na raka gwaggona can. Muna kan benci sai aka fito da wani dattijo, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Ya rame, gemun ya yi fari fat. Baba Farfesa ne. Shekara biyu ke nan da ciwon mantuwar ya kama shi.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambaye ni 'yar wane ne ni. Na faɗa. Ya sake tambaya, na sake faɗa. Anti Hadiza ta fito tana gyara masa hula. Ya nuna ta da yatsa, ya sunkuyo ya ce min a hankali, "Likitar nan ta san aikinta. Ko wa ya koyar da ita?"

 Anti Hadiza ce ta amsa.

"Wani malami ne, Baba, a nan garin."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, a gaya masa ya yi ƙoƙari."